Ƙofar da Ta Tafi Kudu

Daren Talata a Bilbis, kuran ya dawo ƙarfe goma.
Na ɗora kwamfuta bisa buhun siminti,
tsohuwa ce, Nomau ya sayo mini ita a Katako,
fankarta na nishi kamar raƙumi da kayan gishiri.
Gidanmu nake zanawa, sabon gini a tsohon fegi.
Inna na so ta gani tun ba a aza bulo ba,
ta ce ba ta yarda da ɗakin da idonta bai zagaya ba.

Daga nesa lafiya lau:
zaure, ɗaki uku, rumfar kwano, makewayi a ƙurya.
Da na matso sai bangon gabas ya buɗe
kamar kabewar da aka sa wa wuƙa.
Na ƙara matsowa, rabin zaure ya tafi.
Abin da ke gabana shi ke ɓacewa,
na can baya ko gezau bai yi ba.

Na shiga saiti. Na kashe inuwa,
gida ya yi fayau kamar azahar ɗin bazara.
Na rage santsin layi, bakin bango ya yi haƙoran zarto.
Na tuge bedin da na dasa tsakar gida.
Na kira Nomau, ya amsa da muryar barci:
direban katin hoto ne, sauya shi.
Kiredin jikka guda ya ƙone a kai.
Sabon direba ya hau, motar dai ba ta tashi ba.

Inna ta leƙo ta bayan kafaɗata.
Ta ce, gara ce ta shiga tun ba a gina ba?

Wajen ƙarfe ɗaya, don gajiya,
na danna inda aka ce: nuna duka.
Gida ya tsuke, ya koma ƙwayar hatsi a faifai,
can ƙasan allo kuma ga wani ɗigo.
Na bi shi. Ƙofa ce.
Ita kaɗai tsaye a fili, ba bango, ba rufi,
ƙofar ɗakin Arzika.
Ranar da na kwafe ta yatsa ya zame,
sifili ya yi yawa a lissafi,
ta yi kudu, kilomita dubu da ɗoriya, ban lura ba.

Ashe manhaja ido ɗaya gare ta.
In ta miƙa shi har ya kai ga na nesa,
sai ta datse na kusa ta cike gurbi.
Na san wannan ciwo, a gidanmu yake kwana.
Shekara shida Inna na cin tuwo a Tawa,
idonta na Abijan.
Ni da ke durƙusawa ina miƙa mata fura,
sau nawa ta karɓi ƙwarya ba ta gan ni ba.

Da Nomau ne, cewa zai yi goge ta a huta.
Yatsana ya daɗe bisa maɓalli.
Sai na kama ta da linzami,
na rage sifili ɗaya, na rage wani,
ta taho, ta ƙetare duk iyakokin da ba na gani,
na dasa ta a ɗaki na uku.
Ko dala ba ta biya a hanya ba.

Bango ya tsaya.
Na shiga zaure, na kai hancina jikin katanga,
tana nan, har layin bulo ina ƙirgawa.
Na mai da inuwa, na mai da bedi,
fanka ta yi tsaki amma ba ta ƙi ba.

Bayan asuba na zagaya da Inna ɗaki ɗaki.
Ta tsaya nan, ta sa yatsa a allo,
ta ce, wannan ƙofa ta yi gajarta,
yaron ya fi ka tsawo, zai buge kai.
Na ƙara mata taƙi guda, na adana.
Kuran ya ɗauke, muka zauna shiru,
ba ta janye yatsanta ba.